Hure Mai Naɗa Kunnen Jita

Hure mutuniyar Kazaure ce, kuma har gobe in ka tambaye ta abin da ya kawo ta Makka, za ta ce maka aikin hajji. Ba ƙarya take yi ba. Abin da ba ta ƙarawa shi ne, hajjin da ta zo yi an gama shi tun kafin wayar hannu ta shigo gari.

Tare suka zo da mijinta Nuru, wanda tela ne. Da 'yan jirginsu suka fara ɗaure kaya, sai ya ce mata bari su ɗan dakata ya ga ko ɗinki yana tafiya a nan. Ɗinki kuwa ya tafi. Suka kama ɗaki a unguwar Hindawiyya, a wani lungu da mota ba ta shiga, a saman shagon wani mai gyaran fanka. Nuru ya sayi keken ɗinki baƙi, irin na ƙafa, ya ajiye shi gefen taga. A ɗakin aka haifi 'yarsu Lailatu. Takardar zama, wadda mutanen nan ke kira igama, ba su taɓa mallaka ba, sai dai sun san mutane da yawa da suke da ita.

Wata rana Nuru ya fita sayen zare aka kama shi, aka sa shi a jirgi zuwa Kano. Bayan shekara ya dawo ta wata hanyar. Aka sake kama shi, a kan titin nan dai, kusa da shagon zaren nan dai, sai ya ce ya fahimci saƙon. Ya buɗe shago a Fagge, ya riƙa aiko mata cewa ta taho da yarinyar. Ita kuma ta riƙa cewa bayan hajjin bana. Ba ƙin sa take yi ba. Kowace shekara dai akwai abin da ke tsayawa. Ko wata maƙwabciya na gab da haihuwa ba ta da mai zama da ita, ko Lailatu ba ta jin daɗi, ko kuwa zafi ya yi yawa ba a tafiya a cikinsa. Ana haka aka bugo mata cewa Nuru ya rasu. Ta yi takabarta a ɗakin, ta yi kukan da ba ta taɓa yi a gaban kowa ba, ranar da ta fita kuma ta wuce Harami kai tsaye. Ta ce ko ba komai, addu'ar da take yi masa daga nan ta fi wadda za ta yi masa daga Fagge.

Babu sana'ar da Hure ba ta taɓa ba. Ta sayar da hatsin tattabaru, ta yi wanki a gidajen Larabawa, lokacin aikin hajji kuma ta ɗauki fulas ɗin shayi zuwa Muzdalifa tana ratsawa tsakanin motoci da mutanen da ke kwance a kan kwali. Akwai shekarar da ta sayar da tsakuwar jifa a leda ga alhazan da bayansu ba ya sunkuyawa. Amma abin da ya riƙe ta shi ne keken Nuru da kuma kitso. Hannunta ba ya rawa, kuma ba ta da surutu, abubuwa biyu da masu kitso ba su cika haɗawa ba.

Kitson ne ya kai ta gidan Hajja Safiyatu a unguwar Shisha. Su Hajja Safiyatu Hausawa ne da kakanninsu suka zo a ƙafa ta Sudan tun zamanin da, suka zama 'yan ƙasa. Mijinta ya rasu ya bar musu bene mai hawa da yawa, wanda ake ba alhazai haya duk shekara, kuma da shi gidan yake ci. Autanta Marwan a gaban Hure ya girma. An tura shi ƙasar waje ya karanto injiniya, ya dawo da gashi har kafaɗa da wani dogon akwati baƙi da ba ya yarda kowa ya ɗauka. Hausarsa irin ta 'ya'yan Makka ce, rabinta Larabci, kuma bai taɓa raba mace da namiji a cikinta ba. Hure ta gyara masa tun yana ƙarami har ta gaji ta bari.

Wata la'asar sai ga shi a ɗakinta na Hindawiyya, ya cire takalmi, ya zauna a bakin katifa, ya zaro wani naɗin waya ja daga aljihu.

"Hajja, kai kana da keke har yanzu, sah?"

"Ga shi kana gani."

"Ina so ka naɗa wannan a kan wannan. Da yawa, da yawa. Bas, kada ya tsinke."

Ta karɓa ta duba a hasken taga. Wayar tagulla ce, ta fi gashin jariri siriri. Ɗaya abin kuma wani ɗan kwarkwaro ne baƙi mai tsawon yatsa, da ƙananan ƙarafa a jere a cikinsa. Ta kai shi kusa da almakashi, ya cafke almakashin.

"Maganaɗisu ne," in ji Marwan.

"Na gani. Na mene ne?"

Ya ɗan lalubi kalmar. "Kunne ne."

"Kunnen wa?"

"Na wani jihaz, wata na'ura. Yana jin sauti, yana kai wa lasifika."

Hure ba ta ƙara tambaya ba. Zaman Makka ya koya mata cewa wanda ke yawan tambaya, shi ma ana tambayarsa. Ta ɗauka na masallaci ne. Marwan ya cire allurar keken, ya ɗaura kwarkwaron a jikin ƙafar da ke juyawa, ya nuna mata yadda za ta taka feda tana riƙe da wayar tsakanin yatsu biyu, tana kai ta hagu da dama. Ranar farko wayar ta yi ta tsinkewa. Kafin mako ya zagayo ta daina, domin Hure ta gano cewa abin bai bambanta da kitsa kan yarinya mai tsoro ba. Ba a ja, ba a saki.

Bayan wata ɗaya ya zo da mota aka ɗauki keken zuwa Shisha. A ƙasan benensu akwai wani babban ɗaki da ake tara katifun alhazai. An kwashe katifun, an sa fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, an kafa tebura. A nan ta tarar da Mahadi, kafinta mutumin Damagaram, wanda ta sani yana yin ƙofofi da mariƙin Alƙur'ani a bayan kasuwa. Yanzu yana zaune yana goge wasu faffaɗan katakai masu ƙugu. Ta ɗauka allunan yanka albasa ne na masu kuɗi. Akwai wani Bafilifine, mutumin ƙasar Filifin, mai fenti da ba ya magana da kowa, akwai kuma Talal, abokin Marwan kuma abokin tarayyarsa, wanda aikinsa shi ne sa baƙin tabarau yana waya a bakin ƙofa. Aka kafa mata labule a lungu, ta zauna bayansa da kekenta.

Ranar da aka gama na farko, Marwan ya ɗaura masa tsirkiya, ya rataya shi a wuya, ya soka waya a jikin wani baƙin akwati, ya ja yatsa sau ɗaya. Tattabarun titin gaba ɗaya suka tashi. Maigadin benen ya shigo a guje yana salati, da butarsa a hannu.

Hure ta ɗaga labule. Ta dubi abin, ta dubi Marwan.

"Wannan ai jita ce."

"Aiwa, Hajja. Ta lantarki."

"Ƙarar nan, kunnen da na naɗa ne ya ji ta?"

"Shi ne."

"To, ba kurma ba ne," ta ce, ta saki labulen.

Amma abin ya tsaya mata a rai. Washegari ba ta je aiki ba. Ta nemi Malam Uzair, wani ɗalibi ɗan Bauchi da ke karatun fiƙihu, wanda yake limanci a ƙaramin masallacin lungunsu idan liman ya yi tafiya. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta faɗa masa komai. Malam Uzair ya gyara zama, ya fara kawo maganganun malamai. Ya kawo na waɗanda suka hana kayan kiɗa, ya kawo na waɗanda suka sassauta, ya kawo wanda ya hana da farko ya sassauta daga baya. Ya shiga bambancin mai yin abu da mai amfani da shi, da hukuncin mai sayar da inabi. Hure tana tsaye har ƙafarta ta yi tsami.

"Malam, in je ko kada in je?"

"Inna, mas'alar akwai saɓani a cikinta."

"Kai da kai ne, za ka je?"

"Ni ban iya keke ba, Inna."

Ta yi masa godiya ta tafi. Ta yanke wa kanta cewa ita kunne take yi, kuma kunne ba shi ke kiɗa ba, ji kawai yake yi. Duk da haka ta ƙara yawan istigfari a kan feda, taki ɗaya istigfari ɗaya, har abin ya zame mata jiki.

Marwan ya sa wa kamfanin sunan mahaifiyarsa. A kan kowace jita, can saman wuya, an rubuta Safiya da ruwan zinare. Ya yi haka ne don ya faranta mata. Hajja Safiyatu ta sauko sau ɗaya ta gani, ta ce ta shekara sittin tana tsare sunanta, yau ga shi za a rataya shi a ƙirjin samarin Jidda. Ba ta sake saukowa ba. Amma Hure, da take ci gaba da yi mata kitso ranar Alhamis, ta lura cewa duk lokacin da aka nuna jitar a waya, Hajja takan nemi tabaranta.

Lokacin ya dace da buɗewar da aka samu a ƙasar. Ana ta shirya wasanni a Jidda da Riyad, samari da 'yan mata suna koyon kiɗa a fili, kuma jita ƙirar gida abin alfahari ce. Wani saurayi ya kaɗa Safiya a wani bidiyo, mutane suka yi ta turawa. Aka fara yin oda. A Makka kanta ba a taɓa sayar da ko ɗaya ba, kuma ba a gwada su sai an rufe ƙofa an toshe ƙasanta da tsohuwar katifa, amma mota na zuwa daga Jidda tana kwasa. Marwan ya ƙara ma'aikata, ya kama shago a Jidda mai gilashi tun daga ƙasa har sama. Talal ya sayi tabarau na biyu. Hure ta sayi firji, ta aurar da Lailatu ga wani direba ɗan Hausawan Jidda, ta yi mata gara irin ta gida. Shekarun nan su ne kawai a rayuwarta da ta san inda za ta je kowace safiya. Takan hau tasi daga Hindawiyya, ta sauka kafin babban titi, ta ƙarasa da ƙafa ta lungu don gudun masu duba igama.

Abin ya fara lalacewa ne daga wata dabara mai kyau. Maƙwabta sun yi ta ƙorafi a wurin Hajja Safiyatu, ita kuma tana sauke wa Marwan. Sai ya zauna ya ƙirƙiro jitar da ke da agogo a cikinta, wadda in lokacin salla ya yi take ɗauke sautinta da kanta, ba ta dawowa sai an ba mutum lokacin alwala da salla har da nafila. Ya ce duniya ba ta taɓa ganin irinta ba, kuma gaskiya ne. Ya zuba duk abin da kamfanin ya samu a kanta. Abin da ya manta shi ne, agogon lokacin Makka kawai ya sani. Wani makaɗi a Riyad ya jira aka yi isha a garinsu, ya hau dandali a gaban jama'a, ya yi nisa cikin waƙa, sai isha ta yi a Makka. Jitar ta yi tsit. Ya girgiza ta, ya canza waya, ya buga ta da tafin hannu. Ba ta ce uffan ba sai da ta idar. Wannan bidiyon ya fi na farko yawo.

Da Mahadi ya nuna wa Hure a wayarsa, ta kalla har ƙarshe, ta ce ita ba ta ga laifin jitar ba. Amma masu saye sun gani. Aka riƙa dawo da su a kwali, wasu ko buɗewa ba a yi ba.

Ana cikin haka annobar korona ta zo. Aka rufe gari, aka rufe wasanni, shekarar kuma alhazai ba su zo daga waje ba. Benen Shisha ya zauna babu kowa sai katifu. A lokacin ne Hure ta gane, kamar yadda kowa ya gane, cewa tun farko hayar alhazai ce ke ɗauke da kamfanin, ba jita ba. Yayyen Marwan mata suka yi taro a falon Hajja, aka ji muryoyinsu har ƙasa. Da gari ya buɗe kuma, sai ga jitoci masu araha daga ƙasashen waje, mutum ya danna waya a kawo masa har ƙofa, da akwatin sautin da komai. Yaran da ke son koyo su suke saya. Waɗanda suka ƙware kuma suna son sunayen da suka sani tun da.

Talal ne ya fara tafiya. Ya ce zai je Dubai ya nemo masu zuba jari, ya aiko hoto ɗaya daga filin jirgi. Bafilifinen ya tafi ranar wata Talata bayan ya wanke burushinsa tas ya jera su. Aka rufe shagon Jidda. Marwan ya gwada sayar da riguna masu sunan Safiya, ya gwada turare mai kwalba siffar jita. Sannan ya fara kashe na'urar sanyaya ɗaki da rana don rage wuta. Zafin Makka ya shiga katakon, wuyan jitocin da ke rataye ya fara karkacewa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta kalli inda ta ga dama. Mahadi ya ce katakon daga ƙasar sanyi aka kawo shi, yana da hakkin ya yi ƙorafi.

Ita Hure ba wanda ya ce ta daina, don haka ba ta daina ba. Kullum tana bayan labule tana taka feda, tana naɗa kunnuwa tana jerawa a kwali, alhali babu jitar da za a sa musu. Ta san haka sarai. Ta kuma san cewa in dai Marwan ya shigo ya ji ƙarar keken, fuskarsa takan ɗan saki.

Wata rana da azahar ya ɗaga labulen ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar keken, kamar yadda yake yi yana yaro idan tana yi wa uwarsa kitso. Ya aske gashin nan. Ya rame.

"Hajja, kalas," ya ce. "An kai mahkama, kotu. Kamfani ya karye."

Ta tsayar da fedar. "Ka ci abinci?"

"Babana ya gina wannan gida da hannunsa. Ni na zo na cika shi da itace karkatacce."

"Na ce ka ci abinci?"

Bai ci ba. Ta buɗe kwanonta, dambun shinkafa ne da zogale busasshe da wata ta kawo mata daga gida, ta tura masa. Ya ci yana hawaye, yana sharewa da bayan hannu. Ba ta ce masa komai zai wuce ba, don ba ta sani ba. Da ya gama ta ce ya je ya gaida uwarsa, ya daina bi ta ƙofar baya. Sannan ta ƙarasa kunnen da ke kan keken, domin ba ta barin aiki rabi.

Kotu ta naɗa wani mutum, Ustaz Abdulilah, ya tattara kayan kamfanin a sayar. Marwan ya bugo mata ya ce kada ta zo kwana biyu, akwai ma'aikatan hukuma. Ta zauna a gida. Da yamma Mahadi, wanda shi yana da igama, ya zo ya tsaya a ƙasan matakala ya ba ta labari. Ustaz Abdulilah mutum ne mai ladabi, ya zagaya ko'ina yana manna wa komai takarda, tun daga injin yankan katako har butar shayi. Ya manna wa keken ma. Marwan ya ce masa keken ba na kamfani ba ne, na wata mata ce. Ustaz ya ce madalla, ta zo da igamarta ta karɓa. Sai Marwan ya ce a'a, ya tuna, na kakarsa ne. Ustaz ya ce madalla, a kawo shaida. Maganar ta tsaya a nan.

"Hajiya, a takarda ke ba ki taɓa aiki a wurin ba," in ji Mahadi. "A takarda ma ba kya garin."

"A ina ya manna takardar?"

"A jikin teburin."

"Kan keken fa?"

Mahadi ya yi tunani. "Kan babu komai."

"Gobe ka cire bel ɗin, ka sassauta min ƙusoshin baya. Kada ka ɗauka, ka sassauta kawai."

Washegari da hantsi ta sa abayarta da niƙabi, ta hau tasi, wannan karon har ƙofar benen. Ƙofar ɗakin a buɗe take, mutane na ɗaukar hoton kaya. Ta yi sallama ta wuce tsakaninsu zuwa lungunta. Babu wanda ya dube ta, domin a garin nan namiji ba ya bin tsohuwa mai niƙabi da kallo. Ta ɗaga kan keken, ta naɗe shi a zanin gado, ta yi gammo da ɗankwali, ta ɗora a ka kamar yadda ake ɗaukar tulu a Kazaure. Ƙarfe ne zalla, wuyanta ya amsa, amma ta miƙe. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da wani dattijo mai farin gemu da alƙalami a aljihu.

"Me kika ɗauko, Hajja?" ya tambaya da Larabci.

"Kayana."

Ya dubi ƙunshin. Ƙafar keken mai juyawa ta leƙo ta gefen zanin. Ya dubi Hure, ya dubi ƙunshin kuma. Sannan ya ja ƙofar ya riƙe mata, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya fita titi ya tsayar mata da tasi da kansa. Daga baya Mahadi ya gaya mata Ustaz Abdulilah ne, kuma har yau ita da Mahadi ba su daidaita a kan wannan ba. Shi ya ce mutumin bai gane ba. Ita ta ce wanda uwarsa ta taɓa ɗinki ba zai kasa ganewa ba.

Teburin da fedarsa suka tafi a gwanjo tare da sauran kaya. Wani ɗan kasuwa daga Jidda ya saye jitocin gaba ɗaya, aka ce yana sayar wa masu gidajen shan gahawa suna ratayawa a bango, inda karkacewar wuya ba ta damun kowa. Kwalayen kunnuwan kuma mai sayen tagulla ne ya ɗauka a kan sikeli. Da aka faɗa mata haka, sai ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Mahadi ya haɗa mata wani tebur, mijin Lailatu ya sa wa keken ƙaramin inji na lantarki. Ta koma rage tsawon abaya da gyaran jallabiya. Ba ta son injin. Ta ce yana gudu kamar ana bin sa, kuma tun da ta daina taka feda ƙafafunta suke kumbura. Lailatu tana zuwa daga Jidda da yaranta, tana ce mata da Larabci ta bar ɗinkin nan ta dawo wurinsu, ita kuma tana amsawa da Hausa cewa za ta duba. Idonta ya fara ragewa, yanzu sai ta kira 'yar maƙwabta ta zura mata zare. An sake cika ƙasan benen Shisha da katifu. Hajja Safiyatu ta tsufa sosai, gashin ya yi kaɗan, amma Hure tana zuwa ranar Alhamis, su kama abin da ya samu.

Marwan yanzu tasi yake ja, irin wadda ake kira ta waya. Ran nan tana tsaye a bakin titi da ledar yadi a hannu, sai ga farar mota ta tsaya, ya leƙo.

"Hajja, shigo, in kai ka."

Ta shiga baya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya yi aure, matarsa Manar tana da ciki. Ya tambayi ƙafarta, ta tambayi uwarsa. Suka bi ta ƙarƙashin gada, suka shiga cunkoso. Yana ta satar kallonta ta madubi, ta san akwai magana.

"Hajja, ka san kujerun nan da ake tura tsofaffi a kai? Na masu ɗawafi?"

"Na sani."

"Ina tunanin wata iri. Mara nauyi, tana naɗewa kamar lema. Na zana ta. Mahadi ya gani, ya ce mumkin, zai yiwu. Bas, tana son matashi mai kyau a wurin zama, wanda ba ya riƙe zafi." Ya ba wata bas hanya. "Kai kana iya ɗinka matashi?"

Hure ta gyara ledar a cinyarta. Ta dubi bayan kansa, inda furfura ta fara fitowa tun bai kai ba.

"Yayyenka sun sani?"

"Lissa. Ba yanzu ba."

"Matarka fa?"

"Ita ta ce in tambaye ka."

Motar ta matsa kaɗan ta sake tsayawa. Wani mai sayar da ruwa ya ƙwanƙwasa gilashi, Marwan ya ɗaga masa hannu.

"Ka kawo awon in gani," ta ce. "Kuma ka zo da yadinka, nawa na mutane ne. Tsaya nan gaban mai burodi, zan sayi na dare."